Kowane Gida da Faɗin Gabansa: Yadda Wani Layi a Jihar Kebbi Ya Biya Kuɗin Gyaran Hanyarsa

Layin da masu shi

Layin yana wata sabuwar shiyya a ɗaya daga cikin garuruwan Jihar Kebbi da ke zaune kan tudu suna kallon fadama. An sakaya sunan garin da na layin, domin har yanzu akwai waɗanda ake bi bashi a cikin maganar. Tsawonsa mita 300, faɗinsa mita 9. Ya taso daga titin kwalta a tudu, ya gangara har ya ƙare a bakin wata babbar gwata da gwamnati ta gina tun da jimawa. Ba a taɓa zuba masa kwalta ba, kuma ba shi da magudanar ruwa ko ta ɓangare guda.

A gefensa biyu akwai gidaje 38, da fegi 3 da ba a gina ba, da masallaci, da makarantar Islamiyya, da injin casar shinkafa, da wurin buga bulo. Gidajen ba girma ɗaya ba ne. Akwai mai gaban mita 8, akwai wanda ya haɗa fegi biyu gabansa ya kai mita 30. Wasu masu gidajen suna ciki, wasu sun zuba 'yan haya suna Abuja ko Kaduna, biyu kuma gidajen gado ne da ba a raba ba.

A doka, gyaran irin wannan layi aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kula da su a cikin ayyukanta. Jadawalin nan ya kuma ba ta aikin ƙiyasta gidajen mutane don ɗora musu harajin gida bisa abin da Majalisar Dokokin jiha ta tsara. Babu mai gida ko ɗaya a layin da ya tuna an taɓa kawo masa takardar wannan haraji.

Daminar 2020 zuwa ƙarshen 2021

A daminar 2020, shekarar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi ta kuma karya gadoji, ruwa ya tsaga tsakiyar layin. Da farko 'yar hanyar ruwa ce da yaro ke tsallakewa. Kafin Satumba ta kai zurfin gwiwa a ƙasan layin. Saman ƙasar wurin rairayi ne, kuma shekaru kaɗan kafin nan yawancin gidajen tudu sun dafe tsakar gidajensu da siminti. Ruwan da dā yake nutsewa a cikin gida ya koma fitowa ta rariya da indararo gaba ɗaya, ya haɗu da wanda ke zubowa daga titin kwalta.

Da rani ya shigo, mai unguwa da liman da dattawa uku suka rubuta takardar koke, hakimi ya sa hannu, aka kai ofishin da abin ya shafa. An zo an duba sau ɗaya, aka ce za a sa a kasafin kuɗi. Takarda ta biyu ta bi bayanta a watan Mayu 2021. Da aka ga ruwa ya kusa sauka, matasa suka yi aikin gayya, suka cika buhunan taki da ƙasa suka jera a cikin ramin. Buhunan sun riƙe har tsakiyar Yuli. Daga nan rana ta ƙona su, ruwa ya kewaye su ya ci gefe, ramin ya matsa kusa da katangun gidajen ƙasa. 'Yan kabu-kabu suka fara sauke mutane a bakin titi, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin kura ga duk wanda ke ƙasan layin.

2022: kuɗi bai ɗaya ga kowane gida

A watan Maris 2022 aka yi taro a harabar masallaci bayan sallar isha'i, aka yanke karo-karo: kowane gida naira 10,000, a sayi burji a cike ramin. Lissafi ya nuna za a sami naira 380,000. Ba a sa fegi ba, domin ba kowa a ciki. Mai injin shinkafa da mai bulo ba a yanka musu komai ba, aka ce su taimaka da abin da ya sawwaƙa.

Gidaje 21 ne suka biya, aka tara naira 210,000. Sauran 17 kowa da hujjarsa. Mutanen tudu suka ce ruwa bai taɓa shiga gidajensu ba. 'Yan haya suka ce a nemi mai gida, masu gida suka ce ba su suke bin hanyar ba. A gidajen gado kowane magaji ya tura mai karɓa wurin ɗan'uwansa. Wata tsohuwa mai ƙaramin gida a tsakiyar layin ta tari mai unguwa a ƙofarta ta ce, "Ranka shi daɗe, ni da ko keke ban da, a ce kuɗɗina guda da na mai tirela?" Ya ce, "Yi haƙuri Inna, haka jama'a suka yanke." Ba ta biya ba, kuma maganarta ta zaga layin.

Kuɗin ya sayi tifa 14 na burji. An baje shi da shebur, ba a jiƙa ba, ba a danne da rola ba. Ba a yi wa ruwa hanya ba. Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa a faɗin ƙasar nan, kuma kafin ƙarshen Agusta burjin ya tafi. Mafi yawansa ya kwanta a cikin babbar gwata ya toshe bakinta, ruwa ya dawo baya ya shiga gidaje huɗu na ƙarshen layin, abin da bai faru ba ko a 2020.

Wanda ya riƙe kuɗin ɗan kasuwa ne mai mutunci, amma a aljihunsa ya riƙe, ba rasidi, ba littafi. Da aikin ya lalace sai aka fara tambayar tifa nawa aka kawo. Ba wanda ya tabbatar an ci ko kwabo, amma shi ma ba shi da takardar da zai wanke kansa. Ya rantse ba zai sake taɓa kuɗin jama'a ba.

2023: shekarar da aka yi shiru

Farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya hana kowa maganar karo-karo. Masu neman ƙuri'a sun shigo layin, an nuna musu ramin, sun yi alkawari. Daga 29 ga Mayu, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin tifa da na kowane kaya ya tashi. Ba a yi taro ko ɗaya ba.

A watan Agusta katangar wani gida a ƙasan layin ta faɗi da dare, bayan ruwa ya rarake ƙarƙashinta. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma ɗaki guda ya tsage, iyalin suka koma gidan dangi. A makon nan wata tirela da ta zo ɗaukar shinkafa ta kafe a ramin, sai da aka sauke kayan aka jawo ta. Wannan ne ya kawo mai injin wurin mai unguwa da ƙafarsa.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: awo da sabon rabo

A layin akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen ayyuka, wanda ya yi shekaru yana duba aikin hanya. A taron 2022 ya ce a fara da gwata, ba a saurare shi ba saboda tsada. Wannan karon aka ba shi wuƙa da nama a kan fasalin aikin. Ya ɗauki matasa biyu da tef da tiyon awon ruwa irin na magina, suka auna gangaren layin, suka gano cewa gefen yamma ya fi na gabas ƙasa. Ya ce gwata ɗaya ta isa idan aka karkata hanyar ta zubo mata ruwa. Za a gina ta da bulo mai inci 9 a cika shi da kankare, zurfi da faɗi santimita 60, a sa kwalbati guda a mahaɗar tsakiya, sannan a zuba burji a jiƙa a danne. Gidajen gabas za su ratsa bututu ta ƙarƙashin hanya su kai ruwan wanke-wankensu gwata.

Ƙiyasinsa ya kama naira miliyan 6.6: gwata miliyan 4.8, kwalbati 700,000, burji da hayar gireda da rola miliyan 1.1. Da aka karanta a taro, wasu suka tashi za su tafi.

Shi ne kuma ya kawo shawarar yadda za a raba. Ya ce a birane da yawa na Amurka, idan za a gyara layin unguwa, hukumar birni kan raba wani kaso na kuɗin ga masu gidajen da ke bakin layin, kowa gwargwadon faɗin gaban filinsa. Akan sanar da su a saurari ƙorafinsu kafin a yanke, a ba su shekaru su biya tare da harajin gida, wanda bai biya ba kuma bashin ya hau kan gidan. A nan ba doka irin wannan a hannunsu, amma ma'aunin suna iya ara.

Ranar Asabar aka fito da tef, aka auna gaban kowane gida mai shi ko wakilinsa na tsaye, aka rubuta adadin da fenti a jikin katanga. Jimilla ta ba da mita 560. Aka cire mita 40 na masallaci da Islamiyya, saura 520. Mai injin shinkafa da mai bulo, waɗanda manyan motocinsu ne ke fasa hanyar, suka yarda su ɗauki naira miliyan 1.4 tsakaninsu, ban da kuɗin gabansu. Ragowar miliyan 5.2 da aka raba a kan mita 520 ta ba da naira 10,000 kowace mita. Mai gaban mita 8 zai biya 80,000, mai 15 zai biya 150,000, mai 30 zai biya 300,000.

An kwashe makonni uku ana jayayya a kan abubuwa huɗu, kuma a nan ne aikin ya kusa mutuwa.

Masu gidajen da ke kusurwar layi su ne na farko. Gida biyu suna da ƙofa a wani layin, dogon gefensu ne ya biyo wannan. Idan aka bi awo yadda yake, kowannensu zai biya kuɗin mita 30 alhali ba ta nan yake fita ba. Aka daidaita a kan rabin tsawon, kuma da wannan rabin ne aka sami jimillar da ke sama. Sai 'yan gabas, da suka ce gwata a ƙofar 'yan yamma za ta zauna, don me za su biya daidai da su? Dattijon ya amsa cewa ruwan hanyar duka, har da na ƙofarsu, can zai tafi, kuma 'yan yamma ne za su sayi murfin ƙofar gidajensu su kuma zauna da warin gwata. Wannan ta wuce da sauri. Maganar haya ma ba ta daɗe ba: mai gida ne zai biya, domin shi ne darajar gidansa za ta ƙaru, kuma fegin da ba a gina ba zai biya kamar gida.

Ta tudu ce ta yi tsauri. Gidaje tara na saman layin suka tsaya a kan cewa su ba su da matsala, ƙofofinsu a bushe suke, 'yan ƙasan layin ne za su amfana. Idan ma'aunin shi ne wa zai ci moriya, to hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ba wanda ya iya musa ta kai tsaye. Abin da aka yi shi ne sauya tambayar zuwa ruwan wa ne ke ɓarnar. Wani yaro ya ɗauki bidiyo da waya a daminar da ta wuce, ana ganin ruwa na fitowa da ƙarfi daga rariyoyin gidajen tudu yana haɗuwa a tsakiyar layi. Aka nuna a taro. Liman ya ja hadisin da ya hana cuta da cutarwa, ya ce wanda ya dafe gidansa ya turo ruwa ƙofar maƙwabci yana da hannu a faɗuwar katangar maƙwabcin ko bai yi niyya ba. Biyar daga cikin tara suka sauko. Huɗu suka yi shiru, ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba.

Aka ware gidaje bakwai na zawarawa da tsofaffi marasa ƙarfi, jimillar gabansu mita 70, aka yafe musu rabi. Masu samari a cikinsu suka ce 'ya'yansu za su yi haƙar gwata a madadin abin da aka yafe. Tsohuwar nan da ta tari mai unguwa a 2022 tana cikin gidaje bakwai ɗin.

A kan riƙon kuɗi, aka buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu. Aka buga rasidi. Aka manna takarda a bangon masallaci mai ɗauke da sunan kowane gida, mitocinsa, abin da ke kansa da abin da ya biya, ana sabunta ta kowace Juma'a. Biya kashi biyar ne, daga Janairu zuwa Mayu, kuma an zaɓi farawa a lokacin da shinkafar damina ta shigo hannu. Kafin a sa diga, aka kai zanen ofishin da ke kula da tsarin gari aka karɓi izini a rubuce na haɗa sabuwar gwata da babbar.

Janairu zuwa Mayu 2024: karɓa da gini

Kuɗin masu injin da bulo ne ya fara shigowa, kuma da shi aka sayi siminti buhu 200 a Janairu aka ajiye a shagon wani. A watan Fabrairu farashin siminti ya yi tsalle a ƙasar nan, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin aka tsayar da 7,000 zuwa 8,000. Ragowar simintin da tsada aka saye shi. Mai bulo ya bar nasa a tsohon farashi na abin da ya riga ya buga.

An fara gini daga ƙasa, daga bakin babbar gwata, ana hawowa. Dattijon ya dage a kan haka: idan kuɗi ya ƙare a hanya, gwatar da aka gina za ta sami mafita, amma idan aka faro daga tudu, za ta tattara ruwa ta juye shi a tsakiyar layi. Kafin nan matasa sun kwashe burjin 2022 da ya toshe bakin babbar gwatar.

Zuwa ƙarshen Mayu an tara naira miliyan 5.4. Giɓin miliyan 1.2 ya fito daga wurare uku: 350,000 da aka yafe, 300,000 na fegi biyu da masu su ba su amsa waya ba, da 550,000 na gidaje huɗun nan na tudu. Gidajen gado sun biya bayan mai unguwa ya tara magada ya raba musu gwargwadon kasonsu. Da abin da ke hannu aka gina gwata mita 220 da kwalbati, aka zuba burji a tsawon layin duka, gireda ta karkata shi, aka jiƙa, rola ta bi. Mita 80 na sama aka haƙa musu rami kawai, ba bulo.

Daminar 2024 da ta 2025

A daminar 2024 ruwa bai shiga gida ko ɗaya ba a ƙasan layin. Burjin ya zauna a inda akwai gwata, sai 'yan ƙananan ramuka a hanyar tireloli, waɗanda mai injin ya cike da tifa biyu. A mita 80 na sama ramin ƙasar ya zaizaye, rairayinsa ya riƙa gangarowa cikin ginanniyar gwata. Sau biyu aka yashe ta kafin Oktoba. Daga nan aka sa naira 500 a wata ga kowane gida don yasa, kuma wannan kuɗin bai ɗaya ne, ba a yi gardama a kansa ba.

Zaizayar ta kai ƙofar biyu daga cikin gidaje huɗun da suka ƙi biya, suka kawo kuɗinsu bayan damina. Ɗaya daga cikin masu fegi ya tashi sayarwa a farkon 2025, mai unguwa ya ce ba zai sa hannu a takardar shaida ba sai an cire naira 150,000 na layi, aka cire. Abin da ya shigo bai isa ginin mita 80 ba a farashin yanzu, yana nan a asusu. Masu gidajen haya uku sun ƙara kuɗin haya, sun ce hanya ta gyaru.

Wata sabuwar matsala ta fito a waje. Ruwan layin yanzu yana isa babbar gwata da sauri kuma a dunƙule, ita kuwa ta cika da leda da ƙasa a can gaba. A Agustan 2025 ta yi ambaliya a layin da ke bin wannan, mutanen can suka kawo ƙara wurin hakimi.

Abin da ya sa na biyu ya yi, da abin da bai warware ba

Karo-karon 2022 bai kai naira 400,000 ba, aka kasa tara shi. Na 2024 ya ninka shi fiye da sau goma sha biyar a shekarar da ta fi tsanani, aka tara kashi huɗu cikin biyar da ɗoriya. Don haka talauci kaɗai bai isa ya bayyana gazawar farko ba. A 2022 an nemi mai ɗaki biyu ya biya daidai da mai fegi biyu, an bar masu manyan motoci da ganin dama, kuma ba wanda ya san inda kuɗi ya shiga. A 2024 kowa ya tsaya an auna gabansa, yana iya sake aunawa da kansa, yana ganin na maƙwabcinsa a bango. A ganina wannan ne ya fi komai tasiri, sai kuma fara yi wa ruwa hanya kafin a taɓa bayan hanyar.

Amma faɗin gaba ba ya auna aljihu. Akwai ɗan fansho mai gaban mita 20 da ya sayar da tumakinsa biyu kafin ya cika, akwai attajiri mai bene a kan mita 12 da ya biya a zama ɗaya. Yafe rabi ga gidaje bakwai ya rage zafin, amma dattawa ne suka zaɓi bakwai ɗin da ido, kuma wanda kunya ta hana shi faɗin halinsa bai shiga ba. 'Yan haya da aka ce ba ruwansu sun biya ta bayan gida. Ko a inda tsarin ke da doka a bayansa ana kuka da wannan nauyi: jihar Bavariya ta Jamus ta soke irin wannan kuɗin gyaran titi da ake ɗora wa masu gidaje a 2018.

Hana sa hannu da mai unguwa ya yi ya kawo kuɗi, kuma mutanen layin sun yaba. Ni dai ina da damuwa a kansa. Babu dokar da ta ɗora bashin a kan fegin, babu inda mai fegi zai kai ƙara idan yana ganin an zalunce shi a awo. A hannun mai unguwa mai gaskiya ya yi amfani, a hannun wani zai zama hanyar tatsar mutane.

Ambaliyar layin gaba kuwa ta nuna iyakar abin da layi ɗaya zai iya. Ruwa ya ratsa shiyyoyi uku kafin ya faɗa fadama, kuma ba kwamitin layin da ke da iko a kan babbar gwata. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne, kuma tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Abin da kwamitin aikin layin ke nema a takardarsa ta baya-bayan nan bai da yawa: a yashe babbar gwata kafin damina, a turo injiniya ya duba ko tana buƙatar faɗaɗawa, a kuma ɗauki rabin kuɗin mita 80 da suka rage, su kawo rabi daga asusunsu. Sun haɗa takardar da kwafin littafin kuɗi da jerin awon gidaje, mutanen layin gaba ma sun sa hannu a kanta.